Baƙin Ƙasan Ido: Abin da Ke Kawo Shi da Yadda Za Mu Magance Shi

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Shi ya sa a gidajenmu da wuya mutum ya tashi da duhu a ƙasan idonsa ba tare da an yi masa tambaya ba. Yarinya ta zo ganin gida, uwa ta dube ta ta ce, "Ke ƴar nan, me ya sami idonki? Ba ki barci ne, ko akwai abin da ke damunki a ɗakinki?" Kafin ta ba da amsa, gwaggo ta ce jinya ce, maƙwabciya ta ce ai akwai wani mai a kasuwa da ke goge shi cikin kwana bakwai. A nan ne matsala take farawa, domin mun sha ganin matan da suka shiga kasuwa da ɗan duhu a ƙasan ido, suka wayi gari bayan shekara da tabon da ba ya fita. Mun kuma ga waɗanda suka yi ta rufe duhun da hoda alhali jininsu ne ke ƙarewa.

Wannan duhu, wanda ake kira cernes a Faransanci, a mafi yawan lokaci ba cuta ba ne, kuma ba ya taɓa gani. Amma wani lokacin manzo ne da jiki ya aiko. Abin da muke so a wannan fitowa shi ne mu koyi bambance ɗaya daga ɗaya, mu san abin da za mu iya yi a gida, mu san abin da bai kamata ya kusanci idonmu ba.

Me ya sa sai ƙasan ido?

Fatar da ke kewaye da ido ita ce mafi siranta a jikin ɗan Adam, kaurinta bai kai milimita 1 ba. Babu kitse mai yawa a ƙarƙashinta, ga ƙananan jijiyoyin jini da nama daf da ita. Saboda haka duk wani ɗan sauyi da ya faru a ciki, a nan yake fara bayyana.

Likitocin fata sun raba wannan duhu gida uku. Na farko shi ne na launin fatar kanta, inda sinadarin melanin mai ba fata launi ya taru a wurin fiye da sauran fuska. Wannan ya fi yawa ga masu duhun fata irinmu. Na biyu shi ne na jijiyoyin jini da ake hangowa ta cikin siririyar fata, ya kan yi shuɗi-shuɗi, kuma an fi gane shi ga masu hasken fata. Na uku kuwa inuwa ce kawai: ko dai wurin ya loma ya yi kwarmi, ko fatar ta kumbura ta jefa inuwa a ƙasanta. Mutane da yawa suna da biyu ko uku a haɗe.

Akwai ɗan gwaji da kowa zai iya yi a gaban madubi da hasken rana. A sa yatsa a ja fatar kunci ƙasa a hankali. Idan duhun ya biyo fatar bai canza ba, launi ne. Idan ya ɓace ko ya ragu sosai, ko kuma ya gushe da mutum ya ɗaga fuskarsa wajen haske, to inuwa ce. Amfanin wannan gwaji shi ne, mai inuwa ko ya shafa man duniya duka ba zai ga canji ba, domin ba a goge inuwa da mai.

Gado da shekaru

Babban dalili, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne gado. Idan uwa tana da shi, kaka tana da shi, kuma ya bayyana tun ƙuruciya a idanu biyu daidai wa daida, to halitta ce, kamar wushirya ko tsawon hanci. Ba alamar ciwo ba ce, ba kuma alamar baƙin ciki ba. Ya kamata iyaye da dangin miji su san wannan, domin akwai matan da ake yi wa zargin rashin godiya ko yawan kuka a kan abin da aka haife su da shi.

Shekaru ma suna da nasu rabo. Yayin da mutum ke manyanta fata tana ƙara siranta, kitsen kunci yana sauka, kwarmin ido yana faɗaɗa. Haka kuma wanda ya rame da sauri, ko don jinya ko don ƙarancin abinci, idonsa zai faɗa. Mai juna biyu kuwa kan ga duhu a kumatu da goshi da kewayen ido saboda sauyin sinadaran jikinta, kuma yawanci yana raguwa watanni bayan haihuwa. Zafin rana irin na ƙasashenmu yana ƙara wa duk waɗannan duhu.

Barci da gajiya

Rashin barci ba shi ke haifar da launin ba, amma yana fito da shi fili: fuska ta koɗe, jijiyoyi su cika, fatar ido ta kumbura. Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye a dare. Mu dubi gidajenmu da gaskiya. Wace ce ta ƙarshen kwanciya, kuma ta farkon tashi? Mace mai goyo da ke tashi sau uku cikin dare, ta wayi gari da daka da girki da ɗiban ruwa, ba mai take buƙata ba. Hutu take buƙata, da wanda zai karɓe ta. Maigidan da ya ga idon matarsa ya yi zuru-zuru, kafin ya ba ta kuɗin kayan shafa, ya fara duba yadda za a rage mata aiki ta samu ko da barcin rana na awa ɗaya.

Ga matasa kuma, wayar salula ta zama abokiyar hira har tsakar dare, ga shayi mai ƙarfi da ake sha a fada bayan isha'i, wanda ke korar barci. A watan azumi ma, da yake ana raba dare tsakanin ibada da girkin sahur, ba abin mamaki ba ne a ga duhun ya ƙaru, ya kuma koma yadda yake bayan salla. Yawan gishiri da dunƙulen ɗanɗano a abincin dare yana sa a tashi da kumburin ido. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen. Taba sigari da shisha kuwa suna tsufar da fata tun kafin lokacinta.

Hunturu, ƙura da murzar ido

Duk wanda ya yi hunturu a Damagaram ko Maraɗi ko Marwa ya san yadda ƙura ke toshe hanci. Idan hanci ya toshe, jinin da ke sauka daga kewayen ido ba ya wucewa da sauƙi, sai jijiyoyin su cika wurin ya yi duhu. Ana yawan ganin haka ga yara masu atishawa da ƙaiƙayin hanci da ido, waɗanda jikinsu bai jituwa da ƙura ko hayaƙin itace ko turare.

Abin da ya fi ɓarna shi ne murza. Fatarmu tana da ɗabi'ar yin baƙi a duk inda aka dame ta, kamar yadda kowa ya sani game da tabon ƙuraje. Yaron da ke murzar ido safe da yamma, har farin idonsa ya koma ruwan ƙasa, fatar idonsa ta yi kauri da duhu, ba ƙazanta ke damunsa ba, kuma duka ba zai hana shi ba. Ƙaiƙayi ne na gaske da ke da magani a wurin likitan ido. Yawan murza na shekaru yana iya lalata siffar gilashin gaban ido har gani ya raunana. A kai shi a duba, kuma kada a saya masa ɗigon ido a tebur, domin da yawa daga cikinsu suna ɗauke da kortikoyid, wanda yawan amfani da shi ba bisa umarnin likita ba ke kawo hawan jinin ido da yana.

Ƙarancin jini

A nan muke so mu ɗan daɗe. Idan jini ya yi ƙaranci fuska tana koɗewa, sai duhun ƙasan ido ya ƙara fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kimanin kashi 30 cikin 100 na matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kashi 37 na masu juna biyu, da kashi 40 na yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Yammacin Afirka na cikin yankunan da abin ya fi tsanani. Dalilan ba baƙi ba ne a gare mu: zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, haihuwa kusa da kusa, yawan zubar jinin al'ada, amosanin jini, da abincin da ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe.

A ja fatar ƙasan ido a dubi cikinta. Ga mai lafiya ja take. Idan ta yi fari-fari, tare da farin tafin hannu da harshe, ga gajiya, jiri, bugun zuciya, haki in an hau tudu, ko sha'awar cin ƙasa ko ƙanƙara, to a nufi asibiti a auna jini. Awon ba ya ɗaukar lokaci. Ana cewa jini ya gaza idan awon haimogulobin ya kasa giram 12 ga mace, ko 13 ga namiji, ko 11 ga mai ciki a farkonsa da ƙarshensa. Likita zai nemi dalili, domin ƙarin jini ba tare da toshe inda yake zuba ba aikin banza ne. Shi ya sa ba mu ba kowa shawarar ya sayi maganin ƙarin jini da kansa, musamman mai amosanin jini, wanda ƙarfen zai iya yi masa yawa.

Mai ciki ta riƙe ƙwayar ƙarfe da folik asid da ake bayarwa wajen awo, ta sha kullum. Kashinta zai iya yin baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. A ɓangaren abinci kuwa, Allah ya hore mana hanta, nama, kifi, fara, wake, gero, zogale da alayyafo. Ƙarfen da ke cikin ganye da hatsi ya fi shiga jiki idan an haɗa shi da abu mai bitamin C, kamar lemun tsami, ɗanyen tumatir, gwaiba ko garin ƴaƴan kuka. Shayi kuma yana hana shi shiga, don haka a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin cin abinci da shan shayi.

Garin neman gira

Mafi munin duhun kewayen ido da ake gani a garuruwanmu ba halitta ba ne, saye aka yi. Mayukan bilicin yawanci suna ɗauke da ɗaya daga abubuwa uku: hidrokinon, kortikoyid mai ƙarfi, ko zaiba. A jikin kwali za a iya ganin an rubuta hydroquinone, clobétasol ko bétaméthasone, amma haɗin da ake sayarwa a roba ba shi da rubutu ko kaɗan.

Da farko fata tana yin haske, mai shafawa ta ji daɗi. Bayan watanni ko shekaru sai wani baƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito a saman kumatu da gefen ido, inda rana ta fi duka. Likitoci a Afirka ta Kudu ne suka bayyana wannan tabo na hidrokinon a shekarar 1975, sunansa okronosis, kuma har yau yana cikin tabon da suka fi wuyar magani. Abin tausayi, mai shi kan ɗauka man ne ya yi mata kaɗan, sai ta ƙara ƙarfinsa, tabon ya ƙara zama. Kortikoyid kuwa yana cinye kaurin fata har jijiyoyi su fito, yana kawo ƙuraje da nankarwa, kuma idan ana shafa shi kusa da ido yana iya kawo hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye ba ya mayarwa. Zaiba tana lalata ƙoda da ƙwaƙwalwa, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono.

Ba don wasa ba ne Tarayyar Turai ta hana hidrokinon a kayan kwalliya tun 2001, Kwaddibuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ta bi sahu a 2016, Kamaru a 2022. Duk da haka ba su bar kasuwanni ba. Wadda ta daɗe tana shafa mai kortikoyid kada ta yanke shi dare ɗaya, domin fata kan yi bore. Ta je wurin likitan fata ya tsara mata yadda za ta rage har ta daina. Mu ma maza da iyaye muna da hannu a ciki. Muddin ana yabon fara ana kushe baƙa a gaban ƴaƴanmu mata, ba za a rasa mai saye ba.

Maganar kwalli

Kwalli ado ne da muka gada, kuma yana da daraja a wurinmu. Sai dai abu biyu ya kamata mu sani. Na ɗaya, kwallin da ya zazzago ya kwana a fata, da gogar da ake yi wajen cire shi, suna ƙara duhu. A cire shi da dare da ɗan mai a auduga, a hankali. Na biyu ya fi nauyi: yawancin dutsen tozali mai ƙyalli da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A shekarar 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa saboda tozalin da aka kawo daga Najeriya, da aka auna tozalin aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murzar ido ya kai hannu baki, dalma kuwa tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu wani adadinta da aka san ba ya cutarwa. Da ido ba a iya bambance ismidi na gaskiya da dutsen dalma. Shawararmu ita ce a bar sa wa jarirai da ƙananan yara kwalli, mai ciki ma ta yi hattara, kuma kowa ya riƙe nasa mashayin kwalli, kada a yi tarayya.

Abin da za mu iya yi a gida

A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, na randa ko na firiji, a ɗora kan ido a rufe na minti 10 da safe. Sanyi yana tsuke jijiyoyi ya rage kumburi. Yankan kokwamba da cokali mai sanyi da ake yabawa, sanyinsu ne ke aikin, kuma amfaninsu na ƴan awoyi ne. A ɗan ƙara tudun matashin kai da dare. A sha ruwa isasshe. A lokacin ƙura a rufe hanci, a wanke fuska da an dawo gida, a yi girki inda hayaƙi ke fita. Wanda ke aiki a rana ya sa malfa ko tabarau, wanda ke da hali ya shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama da haka. Man kaɗanya mai tsabta yana hana bushewa da ƙaiƙayi, amma ba ya cire launi.

A farmasi akwai mayuka masu bitamin C ko niyasinamid ko kafeyin waɗanda kan ɗan rage duhun, amma sai an yi haƙurin wata biyu zuwa uku, kuma ragewa ce, ba gogewa ba. Masu sinadarin retinol ba na mai ciki ba ne. A manyan birane ana yin allurar cike kwarmin ido da aikin leza. Suna da tsada, leza na iya ƙara wa baƙar fata duhu idan ba gwani ya yi ba, allurar kuma in ta shiga jijiya tana iya makantarwa. Ba aikin shagon kwalliya ba ne.

Kada a shafa lemun tsami, man goge baki, kanwa, toka ko tafarnuwa a kewayen ido. Suna ƙona fata, ƙunar kuma ta warke da baƙin da ya fi na farko. Wanda likita ya ba ɗigon hawan jinin ido ya ga fatar idonsa ta yi duhu, ya sani wasu daga cikin magungunan suna yin haka. Kada ya daina ɗigawa. Ya gaya wa likitansa, ya kuma riƙa goge abin da ya zubo a fata.

Lokacin da ba a jira

Akwai alamun da ba a kwana da su. Yaro mai gudawa ko amai da idonsa ya faɗa, yana kuka ba hawaye, ruwan jikinsa ne ke ƙarewa: a kaɗa fakitin gishiri da sukari na asibiti, wanda aka rubuta SRO a jikinsa, cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi ana tafiya asibiti, a ci gaba da ba shi nono. Mai ciki da fuskarta da hannuwanta suka kumbura, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, a auna hawan jininta a ranar, kafin jijjiga ta zo. Kumburin ido kowace safiya tare da kumburin ƙafa ko fitsari mai kumfa yana iya zama ciwon ƙoda. Wanda ya faɗi a babur ya bugu a kai, bayan awoyi kewayen idanunsa biyu ya yi baƙi, ana jin tsoron tsagewar ƙashin kai. Haka nan ido ɗaya da ya kumbura ya yi ja da zafi tare da zazzaɓi, ko duhun da ya fito a gefe ɗaya yana ƙaruwa.

In babu ko ɗaya daga waɗannan, aka auna jini aka same shi daidai, ana barci ana cin abinci, to abin da ya rage a ƙasan ido halitta ce, mai shi ya kwantar da hankalinsa ya riƙe kuɗinsa. Idan ƴarmu ta zo gida da duhu a idonta, mu tambaye ta barcinta da abincinta da kwanciyar hankalinta, mu raka ta awon jini, mu kuma duba abin da take shafawa. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya, amin.